Kogi da Allura: Shin Gaskiyar Jiya Tana Wanke Maganar Yau?

Gabatarwa

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana kai-kawo a zukatan masu tunani, ita ce: idan mutum ya taɓa tsayawa a kan gaskiya a lokacin da wasu suka noƙe, har jama'a suka ci moriyar tsayuwarsa, shin wajibi ne a gaskata shi a kan duk abin da zai faɗa daga baya? A cikin wannan maƙala za mu dubi tambayar ta hanyar rayuwar wani lauya ɗan ƙasar Amurka mai suna Robert F. Kennedy ƙarami, mutumin da ya yi suna wajen maka kamfanoni masu gurɓata ruwa a kotu, sa'an nan ya sake yin wani sunan wajen jefa wa iyaye shakka game da allurar rigakafi. Mun zaɓe shi ne domin alherinsa na farko tabbatacce ne, saboda haka hukunci a kansa yana buƙatar natsuwa, ga shi kuma abin da ke kan sikeli rayukan ƙananan yara ne.

Lauyan Kogi

An haifi Kennedy a shekarar 1954 a gidan da ya shahara a siyasar Amurka. Wan mahaifinsa, John F. Kennedy, shi ne shugaban ƙasar da aka harbe a 1963, mahaifinsa kuma aka harbe shi a 1968 yana tsakiyar neman takarar shugabancin ƙasa. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 ya shiga aiki da wata ƙungiya da masunta suka assasa domin kare kogin Hudson, wadda aka fi sani da Riverkeeper. Kogin nan ya sha wuya a hannun masana'antu. Kamfanin General Electric kaɗai ya kwarara masa kimanin tan 600 na wani sinadari mai guba da ake kira PCB tsakanin 1947 da 1977, har ta kai an hana masunta kama wasu nau'o'in kifi domin sayarwa. Kennedy da abokan aikinsa suka duƙufa wajen shigar da ƙarar masana'antu da hukumomin birane masu zuba ƙazanta a kogin. A 1987 ya kafa wani sashe a Jami'ar Pace inda ɗaliban shari'a ke koyon irin wannan ƙara a aikace, a 1997 kuma yana cikin waɗanda suka ƙulla yarjejeniyar kare maɓuɓɓugan ruwan sha na birnin Nuyok. A 2001 ya yi kwana 30 a kurkuku saboda zanga-zangar nuna ƙin amincewa da gwajin bama-bamai da sojojin ruwa ke yi a tsibirin Vieques. A 2018 yana cikin lauyoyin da suka tsaya wa wani mai kula da filin makaranta a Kalifoniya, wanda ya yi ƙarar kamfanin Monsanto a kan maganin kashe ciyawa na Roundup, aka yanke masa diyyar dala miliyan 289, ko da yake an rage kuɗin ƙwarai daga baya.

Duk waɗannan shari'o'i a kan ƙa'ida guda suka ginu, wato ruwa da iska mallakar kowa ne, kuma babu wanda ke da ikon zuba guba a kogi ya ci riba shi kaɗai, ya bar wa mazauna gangare cuta da asara. Yana da kyau mai karatu ya riƙe wannan ƙa'ida, domin za mu sake buƙatarta a gaba.

Daga Kifi Zuwa Allura

Ɗaya daga cikin gubar da Kennedy ya yaƙa ita ce zaiba, wadda ke fita daga tashoshin lantarki masu ƙona kwal, ta sauka a ruwa, ta taru a jikin kifi, daga nan ta shiga jikin mai ci. Kamar yadda shi da kansa ya sha bayyanawa, a wuraren laccocinsa ne wasu mata masu 'ya'ya da lalurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, suka riƙa tare shi suna cewa ai akwai zaiba a cikin allurar rigakafi ma. Abin da suke nufi shi ne timerosal, wani sinadari da ake ɗigawa kaɗan a kwalbar allurar da za a yi wa mutane da yawa domin kada ƙwayoyin cuta su ɓata ta. A 2005 ya buga wata maƙala a mujallun Rolling Stone da Salon, inda ya zargi hukumomin lafiya da ɓoye alaƙar da ke tsakanin wannan sinadari da galahanga. An yi ta gyara kurakuran maƙalar, har Salon ta cire ta ɗungurungum a 2011. Duk da haka bai ja da baya ba. Ya shugabanci ƙungiyar Children's Health Defense, wadda ta zama jigo wajen yaɗa irin wannan ra'ayi, yana mai cewa shi ba maƙiyin rigakafi ba ne, mai neman a tabbatar da ingancinsa ne.

Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Adalci ya wajabta mana mu amsa cewa shakkar da ake yi wa kamfanonin magani tana da tushe. A 1955 wani kamfani mai suna Cutter ya fitar da allurar shan inna wadda ba a gama kashe ƙwayar cutar da ke cikinta ba, yara kusan 200 suka shanye, mutum 10 suka mutu. A 1986 majalisar Amurka ta yi dokar da ta taƙaita hanyar kai masu yin allurar yara ƙara kai tsaye, ta kafa wani asusu na biyan diyya a madadin haka, kuma lauya irin Kennedy yana da damar ya tambayi wa wannan doka ta fi amfana. Mu ma ba baƙi ba ne ga wannan ciwo. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a wani bincike da ya shafi yara 200, inda 11 suka rasu, aka kuma shafe shekaru ana shari'a a kan ko an nemi yardar iyayensu yadda ya kamata, kafin a sasanta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75 a 2009.

To, amma mu dubi abin da ya biyo baya. Bahaushe ya ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohin Arewa bisa zargin cewa yana hana haihuwa, ba a ci gaba da shi a Kano ba sai a watan Yulin 2004. A wannan tsakani cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, har ta isa Indonesiya a 2005. Fushin iyaye na gaskiya ne, amma waɗanda suka biya kuɗinsa yara ne da suka rasa ƙafafunsu, alhali ba su san Trovan ba. Sai a 2020 aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Darasin da ke nan shi ne, zalunci na haƙiƙa yana iya haifar da zargi marar tushe, kuma ɗacin na farko ba ya mai da na biyu gaskiya.

Sana'ar Lauya da Sana'ar Mai Bincike

Lauya yakan fara ne da sanin wanda yake karewa, sa'an nan ya tattaro duk hujjar da za ta taimaka masa, ya bar wa lauyan ɗaya ɓangaren aikin kawo saura. Wannan ba aibi ba ne a kotu, domin akwai alƙali a tsakiya mai auna maganar kowa. Shi kuwa mai bincike an ɗora masa nauyin ya nemi abin da zai rushe hasashensa da hannunsa, in ya same shi kuma ya sallama. Matsala takan taso ne idan mutum ya fito da ɗabi'ar kotu zuwa dandalin da babu alƙali, ya tsaya gaban iyaye masu fargaba ya karanta musu rabin takarda.

An auna zargin timerosal, kuma ga abin da aka samu. Zaibar da ke cikinsa wani nau'i ce daban da wadda ke taruwa a jikin kifi, kuma tana fita daga jini cikin ɗan lokaci. Ƙasar Denmak ta daina amfani da shi a 1992, Amurka kuma ta cire shi daga alluran yara na yau da kullum zuwa 2001, amma a ƙasashen biyu adadin yaran da ake ganowa suna da galahanga ya ci gaba da hawa. Da shi ne sanadi, da an ga raguwa. Haka zargin da wani likitan Ingila, Andrew Wakefield, ya yi wa allurar ƙyanda a 1998 bisa nazarin yara 12 kacal: mujallar Lancet ta janye takardarsa a 2010, aka kuma soke lasisinsa. A 2019 masu bincike a Denmak suka fitar da sakamakon bin sawun yara fiye da 650,000, ba su ga wata alaƙa tsakanin allurar da galahanga ba.

A nan ne ake gane mai shakka na gaskiya. Ya isa a tambaye shi: wace hujja ce in ka gan ta za ka sauya ra'ayi? Idan yana da amsa, shakkarsa fitila ce. Idan kuwa kowace sabuwar hujja a wurinsa ƙarin alama ce ta cewa makircin ya yi zurfi, to ya riga ya rufe ƙofar da gaskiya za ta shigo masa.

Kogin da Ba a Gani

Ƙyanda tana cikin cututtuka mafi saurin yaɗuwa. Mutum ɗaya yana iya harbar 12 zuwa 18 a cikin waɗanda ba su da kariya. Sai an yi wa kusan kashi 95 cikin ɗari na jama'a rigakafi kafin cutar ta rasa hanyar wucewa, ta yadda jariran da ba su isa allura ba da masu raunin garkuwar jiki za su fake a bayan sauran. Wannan garkuwa ta gayya ce, kuma kamar kogi take: kowa yana sha daga cikinta, kowa kuma yana iya ɓata ta.

Ƙasar Samoa, mai mutane kimanin 200,000 a tekun Fasifik, ta ga abin da ke faruwa idan ta ɓaci. A watan Yulin 2018 jarirai biyu suka mutu bayan allurar ƙyanda, bincike ya nuna cewa ma'aikatan jinya ne suka haɗa ta da wani maganin saki jijiya da ya lalace maimakon ruwa. Gwamnati ta dakatar da rigakafin na tsawon watanni, iyaye suka tsorata. A watan Yunin 2019 Kennedy ya ziyarci ƙasar, ya gana da shugabanni da kuma masu adawa da allurar. A ƙarshen shekarar annoba ta ɓarke, mutum fiye da 5,700 suka kamu, 83 suka mutu, akasarinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Kennedy ya musanta cewa yana da hannu a ciki, kuma gaskiya ne rigakafin ya riga ya ja baya tun kafin zuwansa. Sai dai ana tsakiyar binne yara ya rubuta wa Firayim Ministan ƙasar wasiƙa yana nuna cewa mai yiwuwa allurar ce ke da lahani. Wanda ya iske gobara ya ƙara mata iska ba shi ya kunna ta ba, amma ba zai ce babu ruwansa ba.

Nauyin magana kuma yana ƙaruwa da girman kujerar mai yin ta. Kennedy ya nemi shugabancin Amurka a 2023 a jam'iyyar Dimokurat, ya fice ya tsaya da ƙafarsa, magoya bayansa suka kafa wata ƙaramar jam'iyya mai suna We the People domin sunansa ya hau takardar zaɓe a wasu jihohi, sa'an nan ya janye a watan Agustan 2024 ya mara wa Donald Trump baya. A watan Fabrairun 2025 Majalisar Dattawa ta amince da shi a matsayin sakataren lafiya da ƙuri'a 52 a kan 48. A wannan shekara yara biyu da ba a yi wa rigakafi ba suka mutu da ƙyanda a jihar Teksas, a ƙasar da ta ayyana rabuwa da cutar tun 2000. Ya fito ya amsa cewa allurar ce hanya mafi inganci ta hana yaɗuwar ƙyanda, amma a watan Yuni ya sallami dukkan mambobi 17 na kwamitin ƙwararru mai ba gwamnati shawara a kan rigakafi.

Kammalawa

Amsarmu ga tambayar da muka fara da ita ita ce, alherin jiya yana saya wa mutum kunnen jama'a da kyakkyawan zato, amma kowace magana sai ta zo da hujjarta. Abin da ya ba Kennedy nasara a kan masu gurɓata kogi shi ne ruwan da aka ɗebo aka auna, da takardun da aka baje gaban alƙali, kuma da wannan sikelin ya kamata a auna shi. Ƙa'idar da ya shafe shekaru yana karewa ita ce ta fi kowa ba da shaida a kansa, domin mai zuba shakka marar tushe a cikin amanar jama'a yana cutar da na gangare ne, wato jaririn da bai isa allura ba.

Mu da muke jami'a, ɗalibai da malamai, mu ne waɗanda iyaye da ƙanne ke tambaya idan mun koma gida hutu: shin allurar nan tana da lafiya? Suna tambayarmu ne domin sun yarda da karatunmu, ko da kuwa abin da muka karanta adabi ne ko shari'a. Ya zama wajibi mu bambance abin da muka sani daga abin da muka ji, mu nemi bayani daga masanan fannin, mu kuma ci gaba da matsa wa kamfanoni da hukumomi lamba su fito da bayanansu fili, tun da amsarmu tana iya zama dalilin da za a kai yaro asibiti ranar allura ko a ɓoye shi a ɗaki.