Baitoci a kan Salaga da Sharhinsu ga Ikhwan na Zangon Kumasi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu.

Ina kasuwar Salaga mai tarin goro,
Da ayarin Kano ke sauka ba tsoro?
Gardamar sarauta ta maishe ta kango,
'Ya'yanta suka watsu zango-zango.

Sharhi: Ku sani, ya 'yan'uwa, Salaga ita ce uwar kasuwannin Gwanja. Fatake daga Kano da Katsina su kan kawo kanwa da tufafi, su koma da goron Asante. Har bayi an sayar a can, Allah Ya yafe mana. A 1874 Turawan Ingila suka ƙone Kumasi, Salaga ta fita daga hannun Asante, goro ya ja baya. Amma abin da ya kashe ta, daga cikin gida ya fito: a 1892 'ya'yan sarautar Kpembe suka yi yaƙi a kan gadon sarauta, gari ya fashe. To, masu hura wutar gardamar limanci a masallatanmu, ku tambayi dattawa wa ya ci ribar wannan yaƙi.

Malamai suka ɗauki littattafansu suka fita. Cikinsu har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna Karachi yana karantarwa har wafatinsa a 1934, Allah Ya jiƙansa.

Sa'an nan Turawa suka kama Sarki Prempeh a 1896, suka murƙushe yaƙin Yaa Asantewaa a 1900. Ƙofar Kumasi ta buɗe ga fatake, Zango ya cika.