Hukuncin Tonon Kufai da Tsofaffin Kusheyi

Tonon kufai domin sanin tarihi aiki ne na masana da ke buɗe ƙasa hawa-hawa, suna rubuta abin da suka tarar a kowane hawa: tsingaro, gawayi, kashin maƙera, tsakiya, harsashin gini, wani lokaci har da ƙasusuwan mutane. A tsofaffin biranen Turai akan yi shi a gindin manyan majami'u, domin nan gari ya fara taruwa, nan kuma aka riƙa binne mamata. A ƙasar Hausa masallaci da fada da hubbare ne ke riƙe da wannan matsayi, shi ya sa duk mai son tona tsohon gari ba ya nisa bai ci karo da kabari ba.

Yankin Lambara da sauran garuruwan Boɗinga da Shagari na kusa da wurare irin waɗannan. A Sifawa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Abdullahi kuwa yana Boɗinga. Can arewa, a ƙasar Binji, akwai kufan Surame mai ganuwar dutse, birnin da Muhammadu Kanta na Kabi ya gina a ƙarni na 16, wanda aka sa cikin kayan tarihin ƙasa a 1964. Litattafan malaman jihadi sun faɗi abubuwa da yawa game da Sifawa. Game da yadda talakan Surame ya ci, ya yi ƙira, ya yi fatauci, ƙasa ce babbar mai shaida.

Fiƙihun Malikiyya, wanda ake karantawa a zaurukan Sakkwato, bai ɗauki abin da ke ƙarƙashin ƙasa a matsayin abu guda ba. Kabarin Musulmi hubusi ne a kan mai shi. Muhtasar na Halilu ya hana tona shi muddin akwai sauran mamacin a ciki, sai da lalura, kamar a ce an binne shi da likkafanin ƙwace, ko dukiyar wani ta faɗa ciki. Tushen hanin shi ne hadisin Nana A'isha da ya daidaita karya ƙashin mamaci da karya na mai rai. An san Jabir ɗan Abdullahi ya fito da mahaifinsa wata shida bayan yaƙin Uhudu ya sake masa kabari, amma wannan don ransa bai kwanta da barin sa a kabari ɗaya da wani ba ne, ba don neman wani abu a cikin kabarin ba.

Dukiyar da mutanen jahiliyya suka binne kuwa rikazi ce: wanda ya same ta ya fitar da humusi, kamar yadda Risala ta ambata. Duk da haka Imamu Malik ya ƙyamaci a tona kabarinsu don neman dukiya, Halilu ma ya bar shi a makaruhi. Masu sassautawa na kafa hujja da ginin masallacin Madina, inda Annabi (SAW) ya sa aka tone kaburburan mushirikai da ke filin, aka baje kangaye. Shi kufai kansa, Alƙur'ani ya yi ta kira a yi tafiya a bayan ƙasa a ga ƙarshen mutanen da suka gabata. Sai dai a tafiyar Tabuka, da aka iso Hijr, gidajen Samudawa, an umurci sahabbai kada su shiga sai suna masu kuka. Wato an halatta kallo, an hana mai da shi shagali.

Wahalar tana nan: hukunci ya rataya a kan ko wane ne mamacin, alhali sau da yawa ba a sanin haka sai an buɗe. Durɓi ta Kusheyi, a ƙasar Mani ta Katsina, ita ce misali mafi bayyana. Tuddai ne da ake dangantawa da sarakunan farko na Katsina. Palmer, jami'in mulkin mallaka, ya tona a 1907, sannan a 1992 aka buɗe wasu uku tare da masanan Jamus, aka kai kayan birnin Mainz don gyara da nazari. An sami 'yan kunne na zinariya, da wuri, da tsakiya, da kwanon ƙarfe mai aikin ƙasashen Musulmi na gabas. An kiyasta kusheyin tsakanin ƙarni na 13 da na 16, daidai lokacin da Musulunci ke shiga fadojin Hausa. Binne mutum da kayan ado ba sunnar Musulmi ba ce, amma sarkin wancan zamani na iya yin salla, fadawansa su binne shi bisa al'adar kakanni. Mai tono ba shi da hanyar yanke wannan hukunci tun daga saman tudu, malami ma haka.

Akwai dai alamar da ke taimakawa da zarar an kai ga ramin. A ƙasar Hausa ana kwantar da Musulmi a ɓarin dama, kai kudu, fuska gabas, ba tare da kaya ba. Jerin ramuka masu wannan tsari maƙabartar Musulmi ce, kuma a nan hukuncin hubusi ya hau: a tsaya, a mai da ƙasa. Asarar ilimi a nan kaɗan ce, tunda juji da murhu da maƙera sun fi irin wannan kabari ba da labari.

Wani abin da litattafan fiƙihu ba su fuskanta ba shi ne mai tonon da ba dukiya yake nema ba. Babin rikazi ya san mai neman zinariya, bai san mai murna da gawayi ba, alhali da gawayin ake auna shekarun wuri. Kuma tono ba ya maimaituwa, hawan da aka cire ya tafi ke nan. Saboda haka wanda ya fi ɓarna shi ne mai haƙa don sayarwa. Mutum-mutumin yumɓu da dillalan Turai ke kira na Sakkwato galibi ta wannan hanya suka fita, ba a rubuta ramin da aka ciro su ba. A shekarar 2000 ɗaya daga cikinsu, tare da na Nok guda biyu, ya bayyana a gidan tarihin Louvre na Faransa, aka yi ta ce-ce-ku-ce, daga baya Faransa ta amince mallakar Nijeriya ne, ta riƙe su aro na shekara 25.

Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa ta hana tono ba da izininta ba, ta kuma hana cinikin kayan tarihi sai ta hannun wanda ta amince da shi. Wannan ya taƙaita abin da babin rikazi ya bar wa wanda ya tsinta, kuma malamai na sanya irin wannan taƙaitawa cikin abin da shugaba ke iya yi don maslahar jama'a. Izinin hukuma dai bai ɗauke hukuncin hubusi ba, ba ya kuma maye gurbin yardar hakimi da limami da zuriyar waɗanda ke kwance a wurin.