Gadon Da Ba A Raba Shi A Gaban Alƙali

Idan mutum ya rasu, akan zauna a raba gida da gona. Amma akwai gadon da ake miƙa wa ɗa tun yana ciki, ba shaidu ba alƙali. Tambayar da ke yi mini yawo a rai ita ce: mahaifin da ke fama da ciwon suga, wane bashi 'ya'yansa ke bin sa?

Laifi dai ba shi da shi, don ba wanda ya zaɓi jinin da ya gada. Kuma ciwon suga ya bambanta da sikila, wadda gwajin jini kafin aure ke fayyace lissafinta. Abin da ake gada a nan shi ne sauƙin kamuwa. A nau'i na ɗaya, wanda ya fi kama yara, ko tagwaye masu kama ɗaya sau da yawa ɗaya ya kamu ɗayan ya tsira. Nau'i na biyu, wanda ya fi yawa, ya fi bin dangi, amma yakan jira ƙiba da zaman wuri ɗaya su buɗe masa ƙofa.

A nan nauyin yake. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2002 ya bi mutanen da ke gab da kamuwa. Waɗanda aka ɗora kan rage ƙiba da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarinsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Ke nan wanda ya san matsayinsa yana da abin yi. Wanda aka ɓoye wa, an ƙwace masa wannan dama.

Na san hujjar masu yin shiru. Uwa na tsoron manema su guji 'yarta. Uba ba ya son ɗora wa yaro fargabar ciwon da wataƙila ba zai zo ba. Tausayi ne, ban musa ba. Sai dai ciwon nan kan yi shekaru yana cin ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa a ɓoye. Fargabar zuwa gwaji ta fi sauƙi a kan makanta.

Sannan yaro ba jini kaɗai yake gada ba, har da tukunya. Gidan da ake ware wa baba abincinsa, yara kuma na ta kwankwaɗar lemon kwalba da shayi mai zaƙi, an yi jinyar mutum ɗaya an bar masu bin sahunsa. A ganina bashin biyu ne: a faɗa wa 'ya'ya gaskiya, kuma a gyara tukunyar gidan gaba ɗaya.