Hukuncin Masarar Da Ta Yi Funfuna

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya saukar da ruwa ya raya ƙasa, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa wata rana Manzon Allah (S.A.W.) ya wuce ta wurin wani mai sayar da abinci, ya cusa hannunsa cikin tsibin, sai ya ji laima a ƙasa alhali kuwa sama a bushe. Mai kayan ya kawo uzurin ruwan sama. Manzon Allah bai zarge shi saboda ruwan ba, abin da ya zarga shi ne ɓoye jiƙaƙƙen daga idon masu saye, ya kuma barranta daga mai algus.

To, wannan laima ita ce tushen maganar masara a lokacin kaka. In aka karye masara ruwa bai ɗauke ba, ko aka shanya ta a tsurar ƙasa, ko aka ɗure ta a buhu da sauran danshi, sai funfuna ta kama ta. Wata irin funfuna, mai launin kore-kore da rawaya, tana fid da guba wadda likitoci ke kira afalatoksin. An gano ta bayan da talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila cikin 1960, saboda tunkuzar gyaɗar da aka kawo daga Barazil. A 1974 masara irin wannan ta kashe mutum wajen 100 a yammacin Indiya. A 2004 kuwa, a gabashin Kenya, mutum 317 suka kwanta, 125 suka rasu, galibinsu da masarar gonakinsu.

Hanta ita gubar ke ci. Wanda ya ci da yawa a lokaci guda, shawara ta kama shi, idanu su yi rawaya, ƙafafu su kumbura. Wanda ke ci kaɗan-kaɗan shekara da shekaru yana cikin haɗarin ciwon dajin hanta, balle in dā ma yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Kuma kada uwargida ta dogara ga wuta, domin tafasar tuwo ko kunu ba ta kashe wannan guba.

Saboda haka hukuncin a fili yake. Abin da aka tabbatar yana cutarwa bai halatta mutum ya ci ba, bai kuwa halatta ya ciyar da iyalinsa ba. Gauraya ruɓaɓɓiya da mai kyau, ko zuba ta a gindin buhu a rufe baki da fara, algus ne, kuma malaman fiƙihu sun ba mai saye ikon mayar da kaya in aibin da aka ɓoye ya bayyana. Mafi muni shi ne wanda ke kai ta injin niƙa ya sayar da gari, don ya san gari ba ya tona asiri. Wannan ya toshe wa mai saye hanyar dubawa, uwa ta auna mudu ta dama wa ɗan yaye koko.

Akwai kuma masu tsammanin sun sami mafita ta wajen zakka. A masarar da aka noma da ruwan sama ushiri ake fitarwa, watau ɗaya cikin goma, in ta kai nisabi na wusƙi 5. Sai mutum ya tsince mai kyau ya kai rumbu, ya ware ta funfuna ya ce rabon miskinai da almajirai ke nan. Aya ta 267 ta Suratul Baƙara ta hana nufin mummuna wajen ciyarwa, irin wanda mai bayarwa shi kansa ba zai karɓa ba sai da runtse ido. In abin da ya gaza kyau an hana, ina ga mai guba? Zuba wa dabbobi ma ba mafita ba ce, gama kaji na mutuwa da ita, saniya kuwa tana fid da ita cikin nono.

Lalle zubar da buhu guda abu ne mai zafi ga talaka, shi ya sa tun farko ake neman kiyayewa. A karye masara da ta nuna ba tare da jinkiri ba, a shanya bisa tabarma ko tamfol har danshinta ya sauka zuwa kashi 13 cikin 100, a tsince fasassun ƙwayoyi da masu sauyin launi da waɗanda ƙwari suka huda, a ɗora buhuna bisa katako nesa da bango. Cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta fito da wani magani, Aflasafe, wanda ake watsawa a gona mako 2 zuwa 3 kafin masara ta yi fure. Wadda funfuna ta riga ta cinye kuwa, a ƙone ta ko a binne ta da zurfi inda yara da dabbobi ba za su tono ba.