Kafin Ka Raina A-kori-kura

Ɗana, na ji an ce kuɗin masara sun shigo hannunka, idonka kuma yana kan wata Sienna 'yar Kwatano, har ka soma yi wa tsohuwar a-kori-kurar Fijo da aka yi maka tayi kallon hadarin kaji. Zauna tukuna.

Fijo ba baƙuwarmu ba ce. Tun 1975 kamfanin PAN ya fara harhaɗa ta a Kakuri, nan Kaduna, shi ya sa da wuya ka sami tsohon bakanike a Zariya da bai san cikin 504 ba. In ta mutu maka a Kwangila, zai ɗaga bonet, ya busa kafireta, ya kankare filogi, kafin la'asar ka kama hanya. Ita kuwa 'yar yayin, da fitila ta kama a gaban sitiyari sai an jona mata kwamfuta, kuma kuɗin dubawa daban, na gyara daban. In giyarta ta tashi, Allah ya kiyaye, masarar baɗi ma ta tafi.

Kada ka ce mini tsohuwa tana shan mai. Tana sha, har da baƙin mai. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 babu motar da ba ta sa mai ita tagumi a gidan mai. Amma ita wannan tana biyan abin da ta sha: taki zuwa gona, hatsi zuwa kasuwar Giwa, katifun ɗaliban ABU in an tashi hutu, buhunan 'yan kasuwa daga Sabon Gari zuwa Samaru. Sienna fa? Suna, biki, gaisuwar surukai.

Sai dai ka ji tsoron Allah game da iyali. Bayan a-kori-kura na buhu ne. Kada in ga ka loda yara a ciki, cikin hunturu, kana gogayya da tireloli a titin Sakkwato. Ranar unguwa ka ɗaukar musu shata.

In za ka biya, tafi da bakanikenka, ba na dillali ba. Ku je da sassafe, injin yana sanyi, a tayar a gabanka ka ga launin hayaƙi. Bakaniken ya kwanta ƙarƙashinta ya duba tsatsa, ya taka birki, ku gwada lambar shasi da ta takarda.