Waƙa Dukiya Ce Ko Sadaka?

A bakin kusan kowace kasuwa a Kano, Zariya ko Gusau akwai saurayi zaune gaban kwamfuta, yana tura wa mutane fina-finai da waƙoƙi a waya. Abin da yake karɓa bai taka kara ya karya ba, kuma bai ɗauki kansa ɓarawo ba. Hujjarsa a bakinsa take: mawaƙi na nan da waƙarsa, ba a raba shi da komai ba, kwafi kawai aka yi.

Hujjar tana da gindin zama a al'ada. A da, makaɗan fada irin su Narambaɗa ba sa sayar da waƙa. Ubangida ne ke ba da doki da riga da hatsi, ita kuwa waƙa ta shiga bakin duniya. Imfiraji ta Aliyu Namangi, makafi da almajirai sun yi ta rera ta a kasuwanni da ƙofofin gidaje, ba wanda ya ce sun ci haƙƙi. Ɗalibin da ya kwafe littafin malaminsa da alƙalami da tawada, lada ake ganin ya samu.

Malaman fiƙihu ma sun yi saɓani a kai. Magabatan Hanafiyya sun ɗauki dukiya a matsayin abin da ake iya riƙewa a adana. Malikiyya, wadda ita ake bi a ƙasar Hausa, tare da Shafi'iyya da Hambaliyya, suna lissafa amfanin abu cikin dukiya, ko da ba a taɓa shi da hannu. A Pakistan, Mufti Muhammad Shafi'i ya yi fatawar cewa marubuci ba shi da ikon hana wani buga littafinsa, ɗansa Mufti Taƙi Usmani kuma daga baya ya halatta wannan haƙƙi. A watan Disamba na 1988, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira abin mallaka ne da shari'a ke karewa, kuma bai halatta a keta shi ba.

Wannan hukunci shi ya fi kusa da adalci, domin zamani ya sauya. Narambaɗa yana da mai ciyar da shi. Wanda ya shirya fim a yau bashi ya ci, wani ma fili ya sayar, ya biya 'yan wasa da mai ɗaukar hoto da mai tacewa. Tun daga fim ɗin Turmin Danya a 1990, kaset da faifai ne suka riƙa mayar da kuɗin, ta hannun dillalan Ƙofar Wambai. Da turi a waya ya yawaita, kasuwar faifai ta mutu murus, masu sana'ar suka koma YouTube da fina-finai masu dogon zango irin su Izzar So. Almajirin da ke kwafe littafi wata guda yake yi yana gumi. Mai turi kuwa kafin azahar ya raba fim ɗaya ga mutane da dama, mai shi bai ga ko sisi ba.

Akwai masu cewa ai kiɗa haramun ne, don haka ba shi da alfarma. To, wanda ya yi imani da haka, abin da ya kamace shi shi ne ya nisanci kiɗan, ba ya buɗe shagon sayar da shi ba.

Doka dai tana nan. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris na 2023, tana kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Ke nan baitocin Mamman Shata, da ya rasu a 1999, gadon iyalansa ne har 2069.

Sai dai ba duka laifin ke wuyan mai turi ba. Dokar ta ce miƙa haƙƙin mallaka ba ya inganta sai a rubuce, amma har yau mawaƙi kan shiga situdiyo a kan maganar fatar baki. A ce masa, "Haba ɗan'uwa, tsakaninmu har sai an yi takarda?" Kunya ta hana shi magana, a sallame shi sau ɗaya, waƙar ta yi shekaru tana kawo wa wani kuɗi. 'Yan amshi da marubuta labari su ne suka fi shan wannan ƙuna. Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi kuma a kafa shaidu, tsakanin muminai aka saukar da ita.

Mawaƙi yana da ikon ya yi sadaka da waƙarsa, amma shi zai furta hakan da bakinsa, ba wani ya yi kyauta da kayansa ba. Ya kamata malamai su bayyana hukuncin haƙƙin mallaka a majalisunsu, su kuma masu fasaha kada su ƙara shiga situdiyo sai da takarda da shaidu biyu.