Saurin Abinci da Jiran Ɗan'uwa

A shekara ta 1948 waɗansu mutum biyu, wa da ƙane, Richard da Maurice McDonald, suka sake tsarin gidan abincinsu a garin San Bernardino, cikin Amurka. Suka rage irin abincin da suke sayarwa, suka bar faranti da cokali, suka koma ƙunshewa da takarda. Kowane ma'aikaci da aikinsa guda: wannan yana gasa nama, wancan yana sa shi cikin burodi, wani yana naɗewa. Kafin mai saye ya gama ƙirga canjinsa an miƙa masa. Wani ɗan kasuwa, Ray Kroc, ya saye kamfanin a 1961. Yau gidajen McDonald's suna cikin ƙasashe fiye da 100.

To, 'yan'uwa, akwai laifi a cikin wannan? Sauri kansa ba zunubi ba ne. Lebura mai ɗan gajeren hutu, in ya sami abinci mai zafi da araha, sai ya gode wa Allah. Isra'ilawa ma da gaggawa suka ci Idin Ƙetarewa a Masar. Mu kanmu, wa bai taɓa tsayawa wurin mai ƙosai a tasha ba?

Amma ga abin da ya dame ni. A 1975 kamfanin ya fara miƙa abinci ta taga, domin mai mota ya karɓa ba sai ya sauka ba. Abincin nan an auna shi daidai cikin mutum ɗaya. Inda aka kewaye akushi guda, in baƙo ya yi sallama, sai a matsa masa, kowa ya rage lomarsa kaɗan, ba wanda ya san yawan abin da ya bari. Ƙunshi kuwa yana da mai shi. In za a ba wani, sai an yi shawara da zuciya tukuna, zuciya kuwa ta iya kawo hujja.

Wannan ciwo ya girmi McDonald's ƙwarai. Manzo Bulus ya tsauta wa Ekklesiyar Korinti domin a wurin Jibin Ubangiji kowa yana rigan ɗan'uwansa ci, mawadaci ya ƙoshi, matalauci ya kwana da yunwa. Bai yi musu faɗa kan irin abincin ba. Abin da ya umurce su shi ne su jira juna. Jira kuwa shi ne ainihin abin da aka shirya tagar nan domin a kawar.